Foyil a bayan hita, da gaske yana rage sanyin ɗaki?

Maman Ilham, Gwammaja:
Slm jama'a, dan Allah waɗanda suka san zaman Turai ku taimaka min. Ƙanina ne yake karatu a Ingila da matarsa da jaririnsu, haya suka kama a tsofaffin gidajen nan na jan bulo, tunda sanyi ya shigo kullum kukansa kuɗin gas, wai hita a kunne take amma ɗakin ba ya ɗumi, bangon in ka taɓa sanyi ƙarara. Wani ya ce masa ya saka foyil, wato takardar alminiyon ɗin nan mai ƙyalli, a bayan hitar. Ni wlh jaririn ne damuwata, abin yana aiki ko asarar kuɗi ce kawai?

Baban Sadiq, Hotoro:
Wslm Hajiya, na zauna a can na san irin gidajen. Hitar tasu radiyeta ce, ƙarfe ne a jikin bango, boila ce ke dafa ruwa ya zagaya ta cikinsa, to zafin gaba da baya yake fita, na bayan bango ne ke shanye shi, kuma yawancin gidajen da aka gina kafin 1920 bulo ne zalla babu abin tare zafi a tsakiya, sai zafin ya bi bangon ya fice waje. Foyil ɗin kamar madubi yake, dawo da zafin yake yi cikin ɗaki. Yana aiki amma fa sai a bangon da bayansa waje ne, in tsakanin ɗaki da ɗaki ne kar ya wahalar da kansa, zafin ai yana cikin gidan. Ɓangare mai ƙyallin ya kalli hitar, kuma kar ya manne a jikinta, a bar ɗan fili. Ya sayi wanda aka yi don hakan ba tsada, na kicin saurin yamutsewa yake yi ya dushe.

Gaskiya dai kar ya sa rai bil zai faɗo ƙasa sosai, ragin kaɗan ne, don radiyeta galibi iska take ɗumamawa ta tashi sama. Ya fara duba ko an kare ta da kujera ko labule ko ana shanya kayan jariri a kai. In ya taɓa ya ji ƙasan da zafi saman da sanyi iska ce ta taru a ciki, akwai ɗan makulli da ake buɗe gefe da shi iskar ta fita har ruwa ya fara ɗigowa sai a rufe. Sannan ya toshe ƙasan ƙofa da gefen taga.

Injiniya Kofar Ruwa:
Baban Sadiq ya gama magana. Mu nan Kano juya abin muke yi, foyil ɗin a ƙarƙashin kwano ake shimfiɗa shi kafin silin don ya mayar da zafin rana, duk wanda ya kwana ɗakin kwano a watan Afrilu ya san me nake nufi. Sharaɗin ɗaya ne, sai da fili gaban ƙyallin, in aka matse shi ko ƙura ta lulluɓe shi aikinsa ya ragu sosai.

Anti Nas:
Yaya ki ja masa kunne kar ya ce zai kashe hita don tattali, hukumar lafiya ta duniya digiri 18 ta ce shi ne mafi ƙaranci a cikin gida lokacin sanyi, balle da jariri. Kuma dan girman Allah kar su kunna gawayi ko risho a rufaffen ɗaki, iskar gubar da suke fitarwa ba ta da wari amma tana kisa, ko nan lokacin hunturu muna ganin hakan.

Maman Ilham, Gwammaja:
Allah ya saka da alheri. Yanzu ya turo min hoto ashe doguwar kujera ce suka jingina da hitar falon, ya ce ta ɗakin barci kuma ta lantarki ce, ita ma a saka mata?

Baban Sadiq, Hotoro:
A'a Hajiya, ta lantarki kar ya raɓa mata komai, gobara. Ta falon ma ya tambayi mai gidan kafin ya shafa gam a bango kar a cire masa a kuɗin ajiyarsa, akwai irin wanda ake ratayawa a ƙarfen da ya riƙe hitar, shi zai nema.