Sabunta kwantiragi ko komawa gida: ta yaya zan gane nufin Allah?

'Yar Kagoro, Dammam:

Salama a gare ku, 'yan'uwa cikin Almasihu. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti mai zaman kansa a nan Saudiyya, kuma kwantiragina zai ƙare a ƙarshen shekarar nan, lokacin da zan cika shekara biyar. Asibitin ya nemi in sabunta na shekara biyu. A gida kuwa, 'ya'yana suna hannun mahaifiyata wadda ƙarfinta ya fara ja baya, kuma ginin da muka fara da maigidana ya kai linta, saura rufi. Na zauna da biro da takarda na lissafa kuɗin kwano, da kuɗin makaranta, da abin da zai rage idan na tafi yanzu. Wata 'yar'uwa da muke addu'a tare ta ga takardar, ta ce wannan ƙarancin bangaskiya ne, ta karanta mini Yakubu 4:13-15, ta kuma ce in yi azumi in jira Allah ya nuna mini a mafarki. Na yi azumin, ban ga komai ba, ga shi ofishin ma'aikata yana jiran amsa. Shin tsara gobe ya saɓa wa dogara ga Allah ne?

Dattijo, Jubail:

Ɗiyata, kada ki yaga takardar. Mutanen da Yakubu ya tsawata wa sun ce za su je gari kaza, su shekara, su yi ciniki, su ci riba, kuma bai hana su tafiyar ko cinikin ba. Laifinsu shi ne sun yi magana kamar ransu yana hannunsu, shi ya sa ya ce su riƙa cewa in Ubangiji ya yarda za su rayu su yi abu kaza. Abu kazan yana nan daram a cikin ayar. Yesu da kansa, a Luka 14:28, ya ce mai son gina hasumiya sai ya fara zama ya yi lissafi, kada ya kafa harsashi ya kasa gamawa mutane su yi masa dariya.

Amma wurin da ya fi dacewa da mu baƙi shi ne Irmiya 29. Mun saba haddace aya ta 11, mai maganar nufin alherin da Allah yake da shi domin mutanensa, muna manta waɗanda aka rubuta wa wasiƙar. Bayin talala ne a Babila, kuma a sura ta 28 annabin ƙarya Hananiya ya riga ya yi shelar cewa cikin shekara biyu za a karya karkiyar Nebukadnezzar, sarkin Babila, a koma gida. Irmiya ya ce musu shekara saba'in ce, saboda haka su gina gidaje, su dasa gonaki, su aurar da 'ya'yansu, su nemi zaman lafiyar birnin da suke ciki. Mutumin da ya ji shekara saba'in ya san da wuya ya sake ganin Urushalima da idonsa, duk da haka an umarce shi ya dasa itace. Dogara ga Allah a wurinsu ita ce su yi aikin da ke gabansu da natsuwa, alhali lokacin komawa ba su ne suka yanka shi ba.

Akawu, Riyad:

Yaya, tun da Baba ya wanke takardar, bari in ƙara mata layi. A dokar ƙwadago ta Saudiyya, kuɗin sallama rabin albashin wata ne a kan kowace shekara cikin biyar na farko, daga nan sai ya koma albashin wata cikakke a kowace shekara. Idan kuma mutum ya ajiye aiki da kansa kafin ya cika shekara goma, ana rage masa, don haka ki tabbata kin bar kwantiragin ya ƙare da kansa. Riyal yana ɗaure da dala a kan 3.75 tun 1986, naira kuwa ta tashi daga wajen 460 a kan dala ɗaya a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024. Wannan yana goyon bayan zama, sai dai siminti da kwano ma sun bi dala, kuma tun da aka soma shirin Nitaqat a 2011 ana ta mayar da guraben aiki ga 'yan ƙasa. Babu baƙon da ke da tabbacin iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa.

Mama, Khobar:

Ɗana Akawu ya yi lissafi daidai, amma akwai abin da ba ya shiga takarda. Na ga mata da yawa da suka ce "shekara biyu kawai", aka yi rufi, sai filasta ta taso, sai katanga, har yara suka girma a waya. Muna son kafa hujja da 1 Timoti 5:8 a kan kula da iyali, kamar kuɗi kaɗai ake nufi, alhali a farkon surar nan Bulus ya yi maganar rama wa iyaye ɗawainiyarsu. Mahaifiyarki tana cikin lissafin. Sa'an nan ban ji ra'ayin maigidanki ba, kuma shi ne mutum na farko da ya kamata ku durƙusa tare, ko da ta bidiyo ne. Tun da babu majami'a a ƙasar nan, ki samu wata Juma'a ki haye gadar Sarki Fahd zuwa Bahrain, ki yi sujada a Manama, ki zauna da fasto ki buɗe masa komai. Karin Magana 15:22 ta ce shiri yana rushewa idan babu shawara.

Dattijo, Jubail:

Na yarda da Mama. Game da mafarki kuwa, Allah yana iya magana ta haka, amma bai yi alkawarin yin haka a kowace shawara ba. A Ayyukan Manzanni 16, Bulus ya nufi Asiya aka hana shi, ya gwada Bitiniya Ruhu bai bari ba, sai da ya gangara Taruwasa ya ga wahayin mutumin Makidoniya. Yana kan tafiya ne aka juya shi. Duka hanyoyi biyun da ke gabanki babu zunubi a cikinsu, saboda haka ki yi addu'a, ki ji shawara, ki zaɓa, ki bar wa Ubangiji ikon rufe ƙofar idan ya ga dama.

'Yar Kagoro, Dammam:

Na gode, Baba da Mama. Na kira maigidana daren jiya, ashe ya daɗe yana son in dawo, kunya ce ta hana shi faɗa saboda rufin. Mun tsayar cewa zan tambayi asibitin ko za su karɓi shekara ɗaya, in Ubangiji ya yarda, ƙanwarsa kuma ta koma wurin mahaifiyata kafin nan. Ɗan'uwa Akawu, idan suka amince da shekara ɗayan, za a lissafa mini sallamarta a kan wata cikakke, ko sai na nemi a rubuta hakan a sabon kwantiragin?