Pompon gazuwal na tsohuwar mota, wa ya taɓa shan wannan wahala?

Mai Hilux na Garin Malam:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Ina da tsohuwar Hilux mai inji 3L, da ita nake jigilar kaya Zinder zuwa Tanut, ran Lahadi kuma in leƙa kasuwar Mirya. Wata biyu ke nan ta ɗauko wani hali, da safe kile ɗaya ta tashi lafiya lau, amma in ta yi tahiya ta yi zahi na kashe ta, ko salla na tsaya yi, to shi ke nan sai ta yi ta juyawa ba ta kamawa har batir ya nemi mutuwa, sai na zauna kusan awa guda ta huce sannan ta tashi. Ƙarhi ma ya ragu, da kaya ba ta son hawa. Shekaranjiya a Bakin Birji ta yi min haka da buhunan mutane a baya, rana tsaka, wallahi ran nan na ji ba daɗi. Makanike guda ya ce pompo ne, wanda ke tura gazuwal cikin inji, a cire a sa okaziyon, wani ya ce iska take sha. Kuɗin pompo ba wasa ba ne kuma da motar nan nake ci da gida. Don Allah wanda ya taɓa gani ya faɗa min abin da ya tarar.

Direban Hiace, layin Magarya:
Wa alaikumus salam Malam. Kar ka yi saurin cire pompo don Allah, ni abin da ya ci ni ke nan. Tawa ita da safe take ƙin tashi, in ta tashi ta yi ta rawa kamar minti biyu sannan ta daidaita, a hanya kuma wani lokaci ta yi kamar mai ya ƙare alhali tanki rabi. Aka ce min pompo ya gaji, na ci bashi na sayo okaziyon aka ɗaura, kwana uku abin ya dawo yadda yake. Sai wani aparanti, yaro ƙarami, ya sa farin tiyo wanda ake ganin cikinsa tsakanin filtir da pompo, muna tsaye muna kallo kumfa na wucewa jere. Ashe tiyon roba ne ya tsage ƙarƙashin kan filtir, ba ya ɗiga ko kaɗan don wajen nan zuƙa ake yi ba turawa ba, iska ce ke shiga. Tiyon da bai kai jikka biyu ba. Ka samu bidon mai tsabta ka zuba gazuwal mai kyau, ka ja tiyo daga bidon kai tsaye zuwa pompo, in ta gyaru to matsalarka tana baya, tanki ko tiyo ko filtir.

Tsohon makanike, Sabon Gari:
Ɗana mai Hiace ka faɗi gaskiya, gwajin bidon shi ne na fari kuma kowa ya yi shi. Sai dai ciwonku ba ɗaya ba ne. Iska da safe take nuna kanta, mota ta kwana mai ya koma tanki. Ta mai Hilux da safe lafiya, sai ta yi zahi. Wannan na sha ganin shi, sau da yawa kan pompo ne, abin da muke ce ma tet, can baya inda tiyon ƙarhe huɗu suke hita.

Mai Hilux, bari in yi maka bayani yadda za ka gane. Pompon 3L irin mai juyawa ne, fiston ɗaya tal gare shi a ciki, shi ke juyawa yana kai da komo yana raba ma silinda huɗu mai. Tsakaninsa da ramin da yake ciki ratar ta hi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. To in ya ci, da safe gazuwal na da ɗan kauri yana toshe ratar, sai ta tashi. Da ya yi zahi ya tsinke kamar ruwa sai ya sulale ta gehe, matsin bai kai ya buɗe anjekter ba, wato bakin da ke fesa mai cikin silinda, musamman lokacin da demarer ne kaɗai ke juya inji a hankali. Shi ya sa irin wannan mota in aka tura ta da giya ta biyu takan kama, don juyin ya hi sauri.

Abin da za ka yi, ranar da ta ƙi, ka sa wani ya riƙe kile ka saurara ko elektroban na kan pompo, abin lantarkin da ke buɗe hanyar mai, yana yin ƙas in an buɗe kontak. In yana yi, ka sassauta goron tiyon anjekter guda da kilen kwance goro lamba 17, a juya inji, ka ga ko mai na tsartuwa da ƙarhi ko ɗiga kawai yake. Kar ka kai hannu wajen, mai mai matsi yana huda fata. In ba ya zuwa sosai, ka zuba ruwa a kan tet ɗin a hankali, ruwan bidon da ya sha rana, BA ruwan ƙanƙara ba, na ga wanda ya zuba mai sanyi ƙarara fiston ya kame ya karye nan take. In ta tashi bayan ruwan to ka samu amsarka. Kuma gwaji ne na sau ɗaya, ba magani ba ne, kar ka mai da shi abin yi kullum. Ka duba demarer da kan batir su ma, demarer da ya gaji in ya yi zahi juyinsa na raguwa ya ba ka alama iri ɗaya.

Mai 504 ta Birni:
Baba Allah ya ƙara lafiya. Ni tawa elektroban ɗin ne ma kawai, wayar da ke kai mishi 12 bolt ta sassauta, mota na cikin tahiya ta mutu kamar an kashe kile, wajen kasuwar Dole. An matse goro ƙarami shi ke nan. A duba wannan tukuna.

Hajiya mai 190D:
Salamu alaikum. Ni ba sana'ata ba ce amma motar marigayi maigidana ce nake riƙe da ita, Mercedes 190D, dole na koyi halinta. Tawa akasin taku ta yi, in na cire kile ba ta mutuwa, sai yaro ya buɗe kapo ya danna wani ƙarhe da aka rubuta STOP a jikin pompo. Nan ma cewa aka yi pompo ne. Ƙanen maigidan ya hana a taɓa, ya ce Mercedes da zuƙar iska take kashe inji ba da lantarki ba, aka bi siraran tiyon nan aka tarar guda ya zare bayan kontak. Daga baya saman pompon ya riƙa jiƙewa da mai tana wari, wannan kuma zobban roba ne na ƙarƙashin tiyon ƙarhe suka bushe, an canza su pompo na jikin mota ba a sauke shi ba. Hayaƙin da take yi kuma da aka kai anjekter wajen mai gwadawa biyu ba su kai matsin bar 115 da ya kamata su buɗe a kai ba, guda ma zuba yake kamar buta maimakon feshi. Pompon nan har yau shi ne na asali.

Shofer na hanyar Agadas:
Malam ka yi haƙuri zan ɗan kauce amma ya kamata a sani. Land Cruiser mai 1HZ nake ja. Akwai lokacin da na lura man inji maimakon ya ragu ƙaruwa yake a jikin sanda, ya tsinke, yana warin gazuwal. Na yi sakaci na ce sai na dawo. Juwan ɗin gaban pompo ne, zoben robar da ke hana mai zuba, ya mutu, kuma a 1HZ haƙoran giya ke juya pompo don haka abin da ya zuba cikin man inji yake tahiya. Bayan Aderbisinat inji ya ɗauki gudu da kanshi, hayaƙi ya turnuƙe, na cire kile bai mutu ba don mansa yake sha. Allah ya sa na tuna abin da maigidana ya koya min, na sa giya ta sama na take birki na saki ambireyaj ta mutu. Kwana biyu muka yi a daji muna jiran a jawo mu. Kai a 3L kuruwa, bel ɗin roba mai haƙora, ke juya pompo, in juwan ɗin ya mutu kan kuruwar zai zuba ya cinye ta, ka buɗe murfin ka leƙa ko akwai danshi.

Mai shagon piyes, Zango:
Ni tambaya gare ni yaya mai Hilux, ina kake shan mai? Don abin da nake gani a shago, yawancin pompon da ake kawowa a buɗe tsatsa ce ja a ciki da yashi. Pompo mai juyawa ba ya da wani man shafawa sai gazuwal ɗin kansa, ba kamar na Hajiya ba da man inji ke shiga cikinsa, to in an gauraya da kalanzir ko ruwa ya shiga ƙarhe ne ke cin ƙarhe. Tun 2011 matatar SORAZ ke aiki nan hanyar Tanut ɗin da kake bi, gazuwal a ƙofar gidanmu ake yin shi, amma mutum don ragin da bai taka kara ya karya ba sai ya tsaya gun mai bidon da ya kwana buɗe cikin ƙurar hunturu. Kuma filtir ɗin Toyota na da wurin tara ruwa a gindi da abin murɗawa, akwai hitila a tablo da ke kamawa in ya cika, da yawa an yanke wayarta don ta dame su. Mutanen Kano in kun je sayen kaya ku ce injekta ga pompo, anjekter kuma nozul suke cewa, kar a ba ku wani abu daban.

Mai Hilux na Garin Malam:
Gaskiya ƙanena ka taɓo wurin. Bara da damina na sha na bidon sau da yawa a ƙauyuka, kuma hitilar nan tun da na sayi motar ban taɓa ganin ta kama ba.

Direban Hiace, layin Magarya:
In har ta kai ga saukewa, ka tsaya a kai lokacin ɗaurawa. Goro biyu masu rami na shigar mai da na komawa tanki sun yi kama, na komawar an rubuta OUT a kansa raminsa ɗan mitsitsi ne, ni an musanya min su mota ta ƙi wuce gudun keke. Sannan kalaj, wato saitin lokacin da pompo ke ba da mai, in farin hayaƙi take mai yaji a ido ya yi baya, in tana ƙwanƙwasa kamar ana dukan ƙarhe ya yi gaba.

Tsohon makanike, Sabon Gari:
Haka ne. Kuma kar wanda ya buɗe maka pompo a ƙasa kan kwali iska na kaɗawa. Wajen mai ban, injin gwada pompo, za a kai, a gwada shi da sanyi a gwada da zahi, ka ce a kai anjekter huɗun tare.

Mai Hilux na Garin Malam:
Salam 'yan uwa, na dawo da labari bayan kwana tara. Na yi gwajin bidon da farin tiyo, babu kumfa, kuma da ta yi zahi ta ƙi tashi ko da bidon ɗin. Elektroban na ƙas, demarer an wanke an sa mishi sabon gawayi na lantarki, duk da haka. Sai na yi na ruwan Baba sau ɗaya, kile ɗaya ta kama. Muka sauke muka kai ban, da mai gyaran ya buɗe a gabana tsatsa ce da wani baƙin laka, fiston ɗin duk ya yi zane ana gani da ido. An sa wani tet da juwan sabbi gaba ɗaya, anjekter biyu an canza musu baki, pompon nawa na asali aka maido ban sayi okaziyon ba. Tanki ma mun sauke, abin da ya hito ruwa da laka ya kusa cika kwanon sha, wayar hitilar kuwa a yanke muka same ta an naɗe da salatif, an haɗa. Jiya na je Tanut da kaya na kashe ta a Bakin Birji da gangan na yi azahar, na dawo na murɗa ta tashi. Baba Allah ya saka da alheri, Hajiya da sauran duka na gode. Abu guda ya rage, da safe tana ɗan farin hayaƙi kamar minti guda sannan ya ɗauke, ban sani ba ko buji mai ɗuma inji da safe ne ko kalaj ɗin ya ɗan yi baya, gobe in sha Allah zan shigo Sabon Gari da ita tun ba ta yi zahi ba Baba ka saurara da kunnenka.