Neman kalma: me za mu kira "ramen" a rediyo?

Halima Rediyo: Assalamu alaikum. Gobe da ƙarfe goma za mu ɗauki shirinmu na abincin ƙasashe, an ba ni rahoto in mayar Hausa kan wani ɗan shagon ramen a wata unguwa ta Tokyo. Kujerun a jere suke gaban kanta, mai dafawa yana tsaye kana kallonsa. Kana shiga sai ka saka kuɗi a na'urar bakin ƙofa, ka danna abin da kake so, ta ba ka tikiti ka miƙa masa. Kwano ya zo yana turiri: romo, taliya, ƙwai, yankan nama, ganyen albasa. Ka ci ka tashi, don wani na waje yana jiran kujerar. Duk wannan na fassara, sunan abincin ne ya tsaya min. In na ce "shagon ramen" a iska, "shagon ramin" mai saurare zai ji, ya zauna jiran ramin me. A taimaka kafin dare.

Na Fagge: Wa alaikumus salam. Ki ce indomi kawai, ba wanda zai tambaye ki.

Malama Bilki: A'a. Indomie sunan kaya ne na wani kamfanin Indonesiya. Busasshiyar taliya ta leda ma sai 1958 Momofuku Ando ya fito da ita a Japan, alhali tun 1910 shagon Rairaiken na unguwar Asakusa a Tokyo ya fara sayar da wannan abinci. Mutum ya kwana yana dafa ƙashi, a ce masa mai indomi? Ni "taliyar romo" nake gani.

Ɗan Maraɗi: Ko "romon taliya"?

Malama Bilki: Gwada da romon kaza da romon kai. Za a ɗauka taliyar aka dafa aka tsiyaye ruwan. Taliya ce uwar suna, romo ya biyo baya.

Na Fagge: To farfesun taliya.

Ɗalibi a Fukuoka: Yaya, kana cewa farfesu masoro da citta da barkono za su zo wa mutum a hanci, kuma galibin wanda ake sayarwa a nan Japan ba shi da yaji. Abin da ya raba taliyar nan da sauran shi ne wani ruwa da ake kwaɓa fulawar da shi, kansui suke ce masa, dangin kanwarmu ne sosai. Shi ke sa ta rawaya-rawaya da danƙo, ta zauna cikin romo mai zafi ba ta yi saurin caɓewa ba. Da ni ne sai in ce "taliyar kanwa". Sannan Anti Halima, ki duba wane romo ne a rahoton. Akwai na gishiri, akwai na ruwan waken soya, akwai na miso, wato tsimammen waken soya, da birnin Sapporo ya yi suna da shi. Na nan garinmu tonkotsu ne, ƙashin alade ake tafasawa sa'o'i da yawa har ruwan ya yi fari. Yankan naman da ake ɗorawa ma yawanci na alade ne. Mu sai mun nemi shagon halal, masu yi da kaza ko naman sa.

Halima Rediyo: Na gode ƙanena. Rahoton ya ce ƙashin kaza da ruwan waken soya, amma zan faɗi gargaɗin a fili, hakki ne a kaina.

Malam Tsohon Edita: Duk kun kauce. Kalma biyu bayani ne, suna kalma ɗaya ne. Na haɗa romo da taliya na samu "romaliya". Tamata ce, tana karɓar ɗafi lafiya lau: romaliyar Tokyo, romaliyar nan. Ga shi da harafin da sunan asalin ya fara ita ma ta fara. 'Yata, saka ta gobe, cikin wata guda za ki ji ta a bakin mutane.

Ɗan Maraɗi: Ranka ya daɗe, ni da na ji sai na ɗauka sunan wata ƙasa ce kusa da Somaliya.

Malam Tsohon Edita: Haka ake yi wa kowace sabuwar kalma. Jirgi na ruwa ne kawai a da, da aka ce jirgin sama wa ya mutu? Mu a zamaninmu ba mu barin kalmar waje ta kwana a ɗakin labarai ba a yi mata riga ba. Yanzu kowa ya ɗauko na Bature ko na Bajapane ya liƙa, a ce Hausa ce. Raina harshe ne.

Malama Bilki: Malam, da girmanka, misalin da ka kawo nawa ne. Jirgin sama kalma biyu ce, kamar taliyar romo. Haka gidan waya, haka ƙwallon ƙafa. Yanke kan wata kalma a liƙa wa wutsiyar wata ba ɗabi'ar Hausa ba ce. Kuma shayi da sukari daga Larabci muka karɓa, burodi daga Turanci, ba mu ragu da komai ba.

Ɗalibi a Fukuoka: Su kansu Japanawa daga Sin suka karɓo abincin. Tsofaffin shaguna har yau chuka soba suke rubutawa, wato taliyar Sin. Sunan ramen kuwa galibi da katakana ake rubuta shi, baƙaƙen da suke rubuta kalmomin aro da su.

Malam Tsohon Edita: Abin da suka yi da harshensu su ya dama. Ka je karatu ne, ba a tura ka koya mana Hausa ba.

Ɗan Maraɗi: Malam, kowace kalma sai ta bi ta Kano da Kaduna kafin ta zama Hausa? Mu muna cewa lakwal, ku makarantar boko, muna fahimtar juna. Shirin nan har nan ake jin sa, a ba mu wadda tsohuwa za ta gane ba sai an kira edita ba.

Na Fagge: Wa ya kawo maganar Kano yanzu?

Halima Rediyo: Don Allah a dawo. Lokaci ya tafi. "Taliyar kanwa" ta burge ni, amma mai saurare zai ɗauka ɗanɗanon kanwa ne a abincin, kuma rahoton kusan rabinsa kan tukunyar romo ne. Ga yadda na rubuta: "wata taliyar romo ta ƙasar Japan, wadda suke kira ramen." Sau ɗaya zan faɗi sunan, a hankali, daga nan taliyar romo har ƙarshe. Wurin kuma "ɗan shagon cin abinci na unguwa", tare da bayanin cewa zaman kamar na teburin mai shayi ne. Saura abu guda: an ce suna jan taliyar da baki tana ƙara, kuma ba abin kunya ba ne a can. Zuƙa ko kurɓa?

Malama Bilki: Sharɓa. Kurɓa ta ruwa ce zalla.

Malam Tsohon Edita: Sharɓa daidai ne, wannan ban ja ba. Taliyar romo kuwa ku je da ita gobe tunda akwai gaggawa. Amma ranar da wata ta zuba 'yar murji cikin romon kaza ta ce ita ma taliyar romo ta dafa, za ku dawo neman suna. Romaliya na nan a littafina, ban janye ta ba.