Hoton MRI ya nuna ƙari a ƙwaƙwalwar ƙanena, mu yarda a yi aiki?

Assalamu alaikum. Don Allah a sakaya sunana. Ƙanena ne, shekararsa 26, tela ne a Ƙofar Ƙaura. Wata huɗu ke nan yana tashi da ciwon kai da asuba, har da amai, mu kuwa muna ta ɗura masa maganin taifod. Sai da ya kasa zura zare a allurar keke, ya ce biyu-biyu yake gani, sannan aka tura mu Kano hoton MRI, mai nuna cikin ƙwaƙwalwa. Takardar ta ce akwai ƙari a ɗakin ruwan ƙwaƙwalwa, mai kama da kumfar sabulu, ana zaton nurositoma ne. Likita ya ce aiki. Baba ya ce ba mai buɗe masa kan ɗa, a ci gaba da tofi. Daji ne? Zai iya jira har bayan Sallah?

Wani ma'aikacin ɗakin hoto: Allah ya ba shi lafiya, 'yar'uwa. Ɗakunan ruwa huɗu ne a ƙwaƙwalwa. Wannan ƙarin yakan tsiro jikin siririyar katangar da ta raba biyun sama, daidai bakin mashigar da ruwa ke gangarawa. Kumfar nan ƙananan ƙullutun ruwa ne a cikinsa. Sau da yawa har da ɗigon alli, wanda wani hoton daban, mai suna CT, ya fi nunawa. 'Yan shekara 20 zuwa 40 ƙarin ya fi kamawa, kuma bai kai ɗaya cikin ɗari na ƙarin ƙwaƙwalwa ba. Sai 1982 ma aka bayyana shi. A ma'aunin tsananin ƙari, inda na 4 ya fi muni, mataki na 2 ne cikin 4, a hankali yake girma, in an cire shi duka yawanci ana samun lafiya. Amma hoto zato yake bayarwa. Akwai masu kama da shi, sai an gwada naman za a tabbatar.

Wata nas daga Daura: Ƙanwata, ni ruwan da ya taru nake jiye masa. Shi ke matse jijiyar ido, in ta mutu kuwa ba ta dawowa. Ku manta da Sallah. In ya fara yawan barci ko sambatu, ko tsakar dare ne ku nufi asibiti. Ku riƙe faifan hoton, likitan tiyata ba ya wadatuwa da takarda.

Wani dattijo: 'Yata, kada ki yi musu da mahaifinki, tsoro ne irin na uba. Ki sa babban amininsa ya raka shi wurin likitan, ya ga hoton da idonsa. Tofi kuma a ci gaba, ai bai hana aiki ba.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka. Kawu ya yarda zai yi wa Baba magana bayan isha'i. Faifan dai ba su ba mu ba, gobe zan shiga motar Kano.