Neman shawara kan horon taimakon gaggawa ga masu kula da ƙananan yara

Maman Sadiq: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ɗana ya shiga wata takwas, ya fara rarrafe, kuma duk abin da hannunsa ya kai gare shi baki yake nufa da shi. Ina so in yi horon taimakon gaggawa kafin in koma aiki, ni da yarinyar da za ta riƙa yi mini raino. Wane iri ya kamata mu nema, kuma shin kallon bidiyo a intanet zai wadatar?

Baban Ikram: Wa alaikumus salam. Ki tuntuɓi reshen Red Cross ko St John Ambulance mafi kusa da ke, amma ki faɗa musu ƙarara cewa na jarirai da yara kike so, domin kwas na gama-gari ya fi karkata ga manya.

Umman Hafsa: Maman Sadiq, bidiyo ba zai wadatar ba, kuma ba da ka nake faɗa ba. 'Yata tana da wata goma lokacin da murfin biron yayanta ya maƙale mata a maƙogwaro. Abin da ya fi tsorata ni shi ne shirun da ta yi: babu kuka, babu tari, sai ido da ta zuba mini, leɓenta yana sauya launi. Na kalli bidiyon shaƙewa ya fi sau goma kafin ranar, amma da abin ya zo, abin da aka hana shi na yi. Na cusa yatsa ina lalube, na ƙara tura murfin ciki. Allah ya sa maƙwabciyata ma'aikaciyar jinya ce kuma tana gida. Ta kifa yarinyar a kan hannunta, kai ya yi ƙasa da jiki, ta riƙe mata haɓa, ta doki tsakanin kafaɗunta da gindin tafin hannu, a duka na huɗu murfin ya faɗo ƙasa.

Bayan wannan na yi rajista a wata cibiya da ba zan ambaci sunanta ba. Mun cika ɗaki, mutum-mutumin gwaji ɗaya ne tak kuma na babban mutum, malamin ya yi ta nuna hotuna har lokaci ya ƙare, aka miƙa mini takardar shaida ban taɓa komai da hannuna ba. A wuri na biyu ne aka ba kowane mutum biyu 'yar tsanar jariri wadda ƙirjinta ke tashi idan an hura iska daidai. A can na gane cewa tausayi ne ke hana uwa danna ƙirji yadda ya kamata. Malamar ta tsaya a kaina tana cewa in ƙara ƙarfi, domin wajen farfaɗo da yaron da ya daina numfashi ana so ƙirjin ya nutsa kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa, wajen santimita 4 ga jariri, a kuma danna sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya. Minti biyu kawai na yi hannuna ya gaji. Don haka kafin ki biya komai, ki tambaye su 'yan tsana nawa gare su, kuma mutum nawa ne a aji.

Maman Sadiq: Subhanallah. Allah ya ƙara tsarewa, Yaya.

Malam Abu Yusuf: Hajiya, na tausaya miki, amma ban yarda a raina bidiyo gaba ɗaya ba. Ba kowa ne yake da cibiyar horo kusa da shi ba, kuma wanda ya san idan jariri ya shaƙe a yi duka biyar a baya sannan a danna ƙirji sau biyar ya fi wanda bai taɓa jin haka ba.

Umman Hafsa: Malam, ni ma na san biyar da biyar ɗin a ranar. A kaina yake, bai sauko hannuna ba.

Anti Nas: Dukanku kuna da gaskiya, sai dai akwai wani bambanci da bidiyo yake yawan ruɗa mutane a kansa. Matsa ciki, wato dabarar da likita Henry Heimlich ya bayyana a 1974, ta yaron da ya haura shekara ɗaya ce. Ba a yi wa jariri, saboda ana iya ji wa hantarsa ciwo. Shi ƙirji ake danna masa. Haka kuma muddin yaro yana tari da ƙarfi, a bar shi ya yi tarinsa, ba a taɓa shi sai tarin ya kasa fita.

Baban Ikram: Anti, a namu kwas an ce idan yaro ya daina numfashi a fara da hura masa iska sau biyar kafin danna ƙirji sau 30, amma matata ta ce su ba a koya musu haka ba. Har yanzu muna musu a gida.

Anti Nas: Babu wanda aka koya wa ƙarya. Tsarin Turai yana farawa da numfashi biyar ga yara, na ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka kuma yana farawa da danna ƙirji, sannan a ci gaba da dannawa 30 da hurawa 2. Kowa ya riƙe wanda ya gwada da hannunsa, domin ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa cikin minti huɗu zuwa shida idan babu iska. Akan sake duba waɗannan ƙa'idoji kusan duk shekara biyar, kuma takardar shaida ma tana da wa'adi.

Kakar Yara: Ni roƙona shi ne a riƙa gayyatar mu kakanni, tunda a hannunmu ake barin yaran. Na kai shekara sittin kafin in ji cewa ƙuna ruwan sanyi mai gudana take so na minti 20, ba ƙanƙara ba, ba man goge baki ba. Da jikana ya yi jijjigar zazzaɓi kuwa, cokali na nema in sa masa a baki, sai uwarsa ta ƙwace shi, ta kwantar da shi a gefensa tana duba agogo.

Anti Nas: Ta yi daidai, Mama. Idan jijjigar ta wuce minti biyar, a nemi taimakon asibiti nan take.

Baban Ikram: Mama, idan kika je ki tafi da mu iyaye maza, domin da yawanmu ƙwarewarmu ta tsaya ne a kan ƙwala wa uwar yaro kira.

Malam Abu Yusuf: Ina so a duba ko kwas ɗin yana magana a kan ƙaramin batir mai kama da maɓalli, irin na agogo da makullin mota. Idan ya tsaya a maƙoshi yana iya ƙona shi cikin awa biyu, alhali yaron yana wasansa kamar lafiya lau. Ba a jira alama, kuma ba a sa shi amai.

Maman Sadiq: Yanzu na cire na'urar sauya tasha daga inda yake wasa, ashe murfin batirinta ya daɗe da ɓallewa. Anti, mai rainon tawa shekararta goma sha bakwai, shin za su karɓe ta a aji ɗaya da ni, ko sai na nemo mata wani daban?