Matsewar hanyar laka a wuya: gashin ƙashi zai wadatar, ko sai an yi aikin tiyata?

Tela daga Fagge:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekarata 54, sama da talatin a ciki ina sunkuye a kan keken ɗinki. Tun bara wuyana ke riƙewa, ciwon ya gangaro kafaɗar dama, babban yatsa da manuniya suna minjirya dare da rana. Na yi hoton MRI, likita ya nuna mini cewa hanyar da laka ke bi ta tsuke tsakanin ƙashin wuya na 5 da na 6, ya tura ni gashi na mako shida. Na je sau huɗu, ana ɗora mini ɗumi, a koya mini motsa wuya, ciwon ya lafa. Sai dai a satin nan zura zare a allura ya gagare ni, sai yarona ke zura mini, botin rigata ma sai na jima ina fama. Shin gashin nan yana buɗe hanyar kuwa? Akwai kuma mai ɗori a unguwarmu da ya ce zai ja wuyan ya mayar da ƙashin mazauninsa. In gwada?

Ma'aikacin gashi:

Wa alaikumus salam. Sannu Baba, Allah ya ƙara sauƙi. Don Allah kada ka bari kowa ya ja wuyan nan ko ya murɗa shi, ko mai aski ne. Ba gocewa ƙashin ya yi ba. Faifan da ke tsakanin ƙasusuwan ne ya zaizaye ya turo baya, ƙashi ya yi tsiro, jijiyoyin da ke ɗaure su suka yi kauri, wuri ya ƙure wa laka. Faɗin hanyar yakan kai milimita 17 ga mai lafiya, in ya gaza 13 an shiga matsi. Fizga ɗaya a irin wannan wuya tana iya shanye hannu da ƙafa.

Gashi ba ya buɗe hanyar, gaskiyar ke nan. Aikinsa ya rage ciwo, ya ƙarfafa naman gaban wuya da na tsakanin kafaɗu don su tallafi kai, ya gyara zamanka. Mutane da dama wannan ya ishe su, ba a kai ga wuƙa ba.

Amma maganar allura da boti ce ta tsaya mini a rai. Minjirya a yatsu biyu jijiyar hannu ce ta matsu. In yatsu suka fara kasa ƙaramin aiki kuwa, ana zargin lakar ce kanta. Kana tuntuɓe a tafiya? Ƙafa na nauyi? In ka sunkuya kana jin kamar lantarki ya tsarga bayanka? Fitsari fa? Kada ka jira mako shidan su cika, ka koma wurin likita da hotonka. Tunda a Kano kake, ga Asibitin Ƙashi na Dala, ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Aikin tiyatar da ake yi tsayar da ɓarna yake, abin da ya riga ya lalace ba lallai ya dawo duka ba, shi ya sa ba a son jinkiri.

Uwar gida daga Zariya:

Sannu Yaya. Nawa bai taɓa yatsu haka ba, gashi kaɗai na yi. Abin da ya fi yi mini amfani shi ne jan haɓa: in kwanta rigingine, in ja haɓata ciki a hankali ba tare da ɗaga kai ba, in ƙirga biyar in saki, sau goma safe da yamma. Na daina ɗaukar kaya a ka ko da gammo, na koma matashi ɗaya maras tudu, shanya ma na sauke igiyar don kada in riƙa ɗaga kai sama. Abin wuyan nan mai soso kwana kaɗan aka ce in sa, wai in an daɗe da shi naman wuya sanyi yake yi.

Tela daga Fagge:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Tuntuɓen akwai, shekaranjiya sau biyu takalmina ya zame a ƙofar masallaci ban ji fitarsa ba, na ɗauka gajiya ce. Na fasa zuwa wurin mai ɗorin. Gobe da sassafe babban ɗana zai kai ni asibiti, shagon na bar wa yara.