Wai kyauta aka bai wa Gini Ikwatoriyal 'yanci?

Ɗan Fagge: Raina ya ɓaci jiya, domin na kawo maganar Gini Ikwatoriyal a majalisarmu, amma jama'a suka ɗauka Gini Konakiri, ƙasar Sekou Toure, nake nufi. Gini Ikwatoriyal ƙasa ce da ke maƙwabtaka da mu ta teku, wadda Sifaniya ta ba ta 'yanci kyauta ranar 12 ga Oktoba 1968, sannan ta bar ta a hannun Francisco Macías Nguema, mutumin da ya haramta jam'iyyun adawa a 1970, ya kuma naɗa kansa shugaba na har abada a 1972.

Malamin Tarihi: Malam, ka janye kalmar "kyauta". Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta matsa wa gwamnatin Janar Franco ta Sifaniya lamba, kuma sai da aka yi ƙuri'ar raba gardama kan tsarin mulki a watan Agusta, kafin Macías ya kayar da Bonifacio Ondó Edú a zagaye na biyu na zaɓe.

Ɗan Fagge: Abin da aka samu ba tare da yaƙi ba, ai kyauta ne, ranka ya daɗe.

Hajiya Babba: Ashe ke nan mu ma kyauta Ingila ta ba mu a 1960? Ɗana, kada ka zagi iyayenmu da suka yi gwagwarmaya.

Ɗan Sabon Gari: Hajiya, ku bar batun 1960. Dubban 'yan Najeriya ne suka yi ƙwadago a gonakin koko na tsibirin Fernando Po na Gini Ikwatoriyal (wanda yanzu ake kira Bioko), kuma da azaba ta yi yawa, gwamnatin Janar Murtala ce ta kwaso su.

Malamin Tarihi: Kai kullum sai ka jawo Murtala cikin kowace magana, ko da ta farashin gero ce.

Ɗan Sabon Gari: Wanda ya yi abin kirki dole a ambace shi, Malam.

Mai Taƙaitawa: Kamar yadda kowa ya gani, Malamin Tarihi ne ya zo da hujja, don haka kalmar "kyauta" ta faɗi. Batun Teodoro Obiang, wanda ya hamɓarar da Macías a 1979, babu wanda ya taɓo shi, kuma laifin Ɗan Sabon Gari ne da ya karkatar da zancen.

Ɗan Fagge: Ni dai ban janye ba.